Hannun Baba da Sa Hannuna

Shekara 26 na yi ina aiki a masana'antar takarda, kuma a cikinsu akwai wata safiya guda da har yau ba ta sake ni ba. Na daɗe ina ba 'ya'yana labarin aikin a gutsure. In faɗi na yajin aiki, in faɗi na zafin inji da aikin dare, in zo kan wannan safiyar in tsallake. Yanzu furfura ta cika kaina, na ga gara in faɗe shi duka yadda ya faru, don masu shiga irin wannan aiki su ji daga bakin wanda ya yi.

Garin da masana'antar take ba shi da wata babbar sana'a sai ita. Jiniyar kamfani ce agogon kowa: ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Yaro ɗan shekara biyar ya san ko babansa na safe yake yi ko na dare, ya kuma san ranar da ba a ƙiriniya a tsakar gida saboda mai aikin dare yana barci. Baƙo in ya sauka sai ya toshe hanci, ya tambaya me ya ruɓe. Warin farar wuta ne daga wajen dafa itace. Mu hancinmu ya saba, sai ranar da ya ɗauke muke lura. Mahaifina, wanda ya ƙare ƙarfinsa a filin gumagumai, yakan ce duk ranar da iska ta wayi gari ba warin nan, magidanci ya fara lissafin yadda zai riƙe iyalinsa.

Gidan da aka haife ni na kamfani ne. Asibitin da aka yi mini rigakafi, makarantar da na yi, ruwan famfo da wutar lantarki, duk daga hannunsa suke. Wanda bai zauna a irin wannan gari ba zai ɗauka rigimar ma'aikaci da kamfani rigimar albashi ce kawai. A wajenmu in ka yi musu da shugaban sashenka da rana, da dare sai ka kwanta kana kallon rufin ɗaki kana tuna mai shi.

Ina da shekara 19 na shiga a matsayin ɗan wucin gadi. Duk wata uku a sallame mu a takarda, bayan 'yan kwanaki a sake ɗaukarmu, don kada mu cika lokacin da za mu nemi a tabbatar da mu. Aiki iri ɗaya muke yi da na dindindin, gumi iri ɗaya, amma ba fansho, ba katin asibiti na iyali, ba ƙuri'a a ƙungiyar ƙwadago. Na yi shekara guda ina tura gumagumai, sannan aka mayar da ni ɗakin inji, ƙarƙashin wani dattijo da kowa ke kira Baba, har manajoji.

Ranar farko bai bar ni na taɓa komai ba. Ya kama hannuna ya bi da ni tun daga inda ake bare ɓawon itace a cikin wata ƙatuwar ganga mai juyawa, zuwa inda ake sare shi gunduwa-gunduwa kamar kwalin ashana. Ya nuna mini tukunyar da ake dafa shi da soda da sinadarin farar wuta, a zafin da ya kusa digiri 170, har danƙon da ke riƙe da zaren itace ya narke. Kusan rabin itacen ne ke fitowa a zare. Ragowar takan tafi cikin baƙin ruwa, wanda ake kafewa a ƙone, a samu tururi, a kuma dawo da sinadarin a sake amfani da shi. Daga nan muka dawo bakin injinmu, ya sa na kalli kwaɓin da ke kwararowa kan raga mai gudu. Ni ruwa kawai na gani mai ɗan fari. Ya ce cikin kashi 100, fiye da 99 ruwa ne. Muka bi shi da ƙafa: ruwa na tsiyayewa ta raga, rola na matse shi tsakanin barguna, sannan ya shiga jerin gangunan ƙarfe masu tururi a ciki, yana zagaya su sama da ƙasa, har ya fito a ɗaya ƙarshen yana takarda mai danshi kashi 5 zuwa 8 kacal, ana naɗe ta.

Ya sa bakinsa daidai kunnena, don ba a jin magana a wurin, ya ce, "Yaro, ka ga aikinmu duka? Mu zuba ruwa, mu cire ruwa. In ka gane ruwa ka gane takarda."

Yawancin maganarmu da hannu muke yi. Yatsa sama, a ƙara tururi. Tafin hannu a wuya, a tsaya. Bayan shekaru likitan da ya auna kunnena ya gaya mini cewa ƙarar da ta wuce desibel 85, in mutum yana awa 8 a cikinta kullum, tana cin ji sannu a hankali. A lokacin na hagu ya riga ya tafi.

Baba yana da wata gajeriyar sanda ta katako, ta yi sulɓi don riƙo. Yakan bi naɗin takarda daga wannan gefe zuwa wancan yana ƙwanƙwasawa, kansa a karkace, yana saurare ta cikin duk ƙarar nan. Inda ya yi tauri da inda ya yi sako-sako, sautinsu daban ne. Sai ya ɗora bayan hannunsa na dama a kan takardar tana gudu, ya ɗan lumshe ido, ya yi wa mai kula da tururi alama. Sau da yawa kafin ɗakin gwaji ya dawo da sakamako, Baba ya riga ya gyara. Shekara 30 da wani abu ne a cikin bayan hannun nan.

A wani kwas da aka tura mu daga baya na ji tarihin injin, kuma ya tsaya mini a rai. Ɗaruruwan shekaru da hannu ake yin takarda, falle ɗaya bayan ɗaya. Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Robert ne ya samu takardar mallakar ƙirƙirar injin a 1799, sannan wasu 'yan'uwa biyu masu suna Fourdrinier suka zuba kuɗi aka inganta shi a Ingila, sunansu ya bi injin har yau. Abin da ya ja hankalina shi ne, cikin dalilan da suka tura Robert ga wannan tunani har da gajiya da rigingimun masu yin takardar hannu a masana'antar da yake aiki. Ashe tun haihuwarsa injin nan da takun saƙa tsakanin mai gida da ma'aikaci ya zo duniya.

Inji ba ya kwana. Tsayar da shi da sake tayar da shi asara ce babba, shi ya sa ake karɓa-karɓa dare da rana. Abin da kowa ke tsoro shi ne tsinkewar takarda. Da ta tsinke sai ƙaho ya ɗauka, kowa ya zabura, takarda mai zafi tana ta tulowa ƙasa, inji kuwa yana ci gaba da gudu. Sai an yanko siririn bakinta an bi da shi ta cikin gangunan nan ɗaya bayan ɗaya, har ya kai wajen naɗi, sannan a buɗe ta ta cika faɗinta. Akwai igiyoyi biyu a gefen inji da ke cafke bakin takardar su wuce da shi, don kada mutum ya kai hannu. A wani sashe na injinmu igiyoyin sun daɗe da lalacewa. Da hannu ake jefa bakin takardar. Shingen ƙarfen da ke wurin ma an kwance shi an jingine a bango, don yana hana a kai hannu da sauri.

Kowane minti da aka yi ba takarda ana rubuta shi, kuma alawus ɗinmu na ƙarshen wata yana rataye da yawan tan da muka fitar. Don haka ba sai heluma ya yi tsawa ba, mu da kanmu muke tsawata wa mai nawa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma dole in faɗe ta. Baba ya rubuta maganar igiyoyin nan a littafin aiki sau uku. Na gani da idona, don ni nake miƙa masa biro.

Daren da abin ya faru, mai karɓarsa bai zo ba. Baba ya shiga tun ƙarfe 2 na rana, aka ce ya zarce har safe. Wajen ƙarfe 3 na dare takarda ta tsinke karo na huɗu. Ina bayansa da taku biyu. Na ga ya kama bakin takardar ya jefa, bai shiga ba. Ya sake, bai shiga ba. A na uku ya ɗan matsa gaba, sai kawai na ga kafaɗarsa ta fizgu. Hannun damansa ya shige tsakanin bargo da ganga. Ban ji ihunsa ba, bakinsa kawai na gani a buɗe. Na ruga na doki jan maɓalli da dukkan ƙarfina, amma ganguna masu wannan nauyi ba sa tsayawa nan take. 'Yan daƙiƙun da suka yi suna rage gudu, ni dai ina riƙe da ƙugunsa ina salati.

Aka ciro shi, aka sa a mota. Kafin jiniyar asuba an wanke wurin da ruwa, an tayar da inji. Likitoci suka yanke hannun daga ƙasan gwiwa.

Ban tafi gida ba aka kira ni ofis. Jami'in kula da ma'aikata ya ba ni kujera, abin da ba a taɓa yi mini ba. Ya yi mini sannu, ya ce an gaya masa ni na tsayar da inji, kamfani ba zai manta ba. Sannan ya turo mini takarda, an riga an buga ta. Na karanta. An rubuta cewa ma'aikacin ya kai hannu wurin da aka hana, cikin sakaci, ba tare da umarni ba. Ba maganar igiya, ba maganar shinge, ba maganar awa 13 da ya yi a tsaye.

Na ce, "Yallaɓai, ai igiyoyin ba sa aiki."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Samari, wannan maganar injiniyoyi ce, za su duba. Kai abin da ka gani za ka shaida. Ya kai hannu ko bai kai ba?"

Na ce ya kai.

Ya jawo wani fayil ya ɗora a gefen takardar, yadda zan ga sunana a jiki. Ya ce ya san mahaifina zai yi ritaya ƙarshen shekara, kuma gidan kwatas ba ya zama a hannun wanda ba ma'aikacin dindindin ba. Ya tambayi lafiyar mai ɗakina, ya ce ya ji tana da juna biyu. Daga nan ya yi shiru, ya ajiye biro a gabana.

Jinin Baba yana kan rigata bai gama bushewa ba. Na ɗauki biron na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mini hannu, kuma na fahimci kowace kalma da ke cikin takardar. Bayan mako biyu aka ba ni takardar aiki ta dindindin. Mahaifina ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Saboda rahoton ya ce laifinsa ne, aka zaftare diyyar Baba, aka sallame shi, aka ba shi wa'adin barin gida. A babban birni mutum zai iya yin irin abin da na yi ya ɓace cikin jama'a. A garin masana'anta layi ɗaya ne tsakanin ƙofata da tasa. Kullum in na fito aiki sai na wuce matarsa tana shanya, ta ce, "Ɗana, a dawo lafiya, Allah ya saka maka da ka tsayar da injin nan." Na fara canja hanya. Barci ya ƙaurace mini. Mai ɗakina ta yi tambaya har ta gaji, na ce aikin dare ne.

A lokacin ban ɗauki ƙungiyar ƙwadago a bakin komai ba, a ganina masu yankar mana kuɗi ne duk wata. Sakatariyar reshenmu wata mata ce daga sashen tantancewa da ƙirga takarda, muna ce mata Yaya. Wata rana da yamma ta tare ni a bakin get. Ta ce an yage shafuka uku daga littafin aiki, amma wani magatakarda ya riga ya yi hotonsu. Abin da ya rage mata shi ne mai shaida, kuma ni kaɗai nake kusa.

Na ce, "Yaya, na riga na sa hannu."

Ta ce, "Na sani, ƙanena. Na ga takardar. Ban zo zaginka ba. Hannun da ya sa shi ne zai iya warwarewa."

Na ce ina da jariri. Ta ce ita ma tana da huɗu. Ta buɗe jakarta ta nuna mini wata takarda ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, yarjejeniya mai lamba 155 ta shekarar 1981, ta ɗora yatsa kan sashe na 13. Ma'anarsa, ma'aikacin da ya janye jikinsa daga aikin da yake da hujjar ganin akwai haɗari babba na nan take ga ransa ko lafiyarsa, a kare shi daga hukuncin da bai dace ba. Ta ce ba kowace ƙasa ta rattaba hannu ba, kuma takarda ba ta tsayar da inji da kanta, amma ya kamata in san cewa duniya ta amince mutum yana da ikon cewa ba zai sa hannunsa a nan ba. Na saurare ta, na yi godiya, na ƙi.

Wata bakwai na yi a haka. Sannan aka kawo wani yaro ɗan wucin gadi aka sa shi ƙarƙashina, shekarunsa ba su wuce nawa ba ranar da na fara. Igiyoyin suna nan yadda suke. Wani dare takarda ta tsinke, na juya sai na gan shi a daidai inda Baba ya tsaya, ya miƙa hannu, ya ɗan matsa gaba don ya burge ni. Ban yi shawara da kowa ba. Na fizgo shi ta kwalar riga, na je na doki jan maɓalli. Inji ya tsaya, ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya lalace. Heluma ya zo yana kumfar baki, abokan aikina ma suna harara saboda alawus. Na ce ba mai sake kai hannu wurin nan ina tsaye. Da safe aka ba ni takardar tuhuma. Na ninke ta na sa a aljihu, na nufi gidan Yaya.

Ta ce kafin in tsaya gaban taro, akwai wanda ya kamata ya fara ji. A lokacin Baba ya koma wani ɗaki na haya a bayan gari. Na same shi zaune a tabarma yana koyon ɗaura igiyar takalmi da hannun hagu da haƙori. Na durƙusa na gaishe shi, sai maganar da na shirya duk ta watse. Na ce, "Baba, na cuce ka. Ni na sa hannu aka ce sakacinka ne."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce tun yana gadon asibiti aka karanta masa rahoton, har da sunan mai shaida. Ya hana a gaya wa matarsa.

Na ce, "Baba, ka sani duk watannin nan, kana amsa gaisuwata?"

Ya ce, "Na ji zafi, yaro, ba zan ɓoye maka ba. Ya fi na hannun ciwo. Amma ina da shekara kamar taka aka taɓa kira na ofishin nan a kan wani, ni ma na sa. Mutumin ya rasu ban je na same shi ba. Kai ka zo."

Na yi kuka a gabansa kamar ƙaramin yaro. Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko sandar katakon nan ya ba ni, ya ce shi ba ta da sauran amfani a wajensa.

A taron ƙungiya na miƙe gaban ɗaruruwan mutanen da suka san ni tun ina rarrafe, na faɗi abin da na gani da abin da na sa wa hannu. Wasu suka zage ni, kuma ban ga laifinsu ba. Wani dattijo daga sashen tukunya ya tashi ya ce duk wanda aka taɓa tura wa irin wannan takarda ya ɗaga hannu. Da farko shiru. Sai hannu ɗaya, sai biyu, har na daina ƙirgawa. Aka rubuta buƙatu: a gyara igiyoyi a mayar da shinge, a daina zarcewa da mutum aiki biyu a jere, a sake buɗe fayil ɗin Baba, a tabbatar da 'yan wucin gadi da suka daɗe. Aka zauna da hukumar kamfani sau uku ba a daidaita ba. Aka ba da wa'adi, ya cika, muka tafi yajin aiki.

Yaya ta kafe a kan abu biyu. Na farko, sai an bar masu tukunyar ƙona baƙin ruwa sun kashe ta a tsanake, don in ruwa ya haɗu da narkakken sinadarin da ke cikinta fashewa take yi. Na biyu, ba jifa, ba duka. Daren farko ta ba mu labarin garin Jay a jihar Maine ta Amurka, inda ma'aikatan takarda kusan 1,200 suka shiga yaji a watan Yunin 1987. Kamfanin ya ɗauki wasu na dindindin a gurbinsu, aka yi wata 16, a Oktoban 1988 aka janye yajin ba a samu biyan buƙata ba, gari ya rabu biyu, 'yan'uwa suka daina gaisawa. Ta ce kada kowa ya ɗauka don muna da gaskiya dole mu yi nasara. Kuma ko mun ci ko mun faɗi, a garin nan za mu ci gaba da zama da juna.

Kwana biyu da farawa warin ya ɗauke. Jiniya ta yi shiru, yara suka riƙa makara a makaranta. Mako na uku masu ba mu bashi suka fara rufe littafinsu, su ma ba yadda za su yi. Aka bi gidajen kwatas ana liƙa takardun gargaɗi. Nan bango ya fara tsagewa, mutane suka fara sulalewa ta get da duhun asuba, cikinsu har da abokina na ƙuruciya da 'yarsa ke kwance a asibiti. Matasa suka so a je a yi masa ihu a ƙofar gida. Na tsaya na hana. Na san kujerar da aka zaunar da shi, na san irin fayil ɗin da aka ɗora masa a tebur. Har yau ina ganin komawarsu ta raunana mu, kuma na gaya masa haka ido da ido, amma ban yarda a tozarta shi gaban iyalinsa ba.

Cikin mako na shida aka sasanta. An gyara igiyoyi, an mayar da shinge, an rubuta cewa duk mai aiki a inji zai iya tsayar da shi in ya ga haɗari, ba tuhuma. An biya Baba cikakkiyar diyyarsa. Maganar 'yan wucin gadi kuwa rabi aka samu: aka tabbatar da wasu, sauran aka mayar da su hannun ɗan kwangila, suka koma gidan jiya da sabon suna. Ba a biya mu albashin kwanakin yaji ba. Bayan shekara guda aka yi ragin ma'aikata, sunan Yaya yana layin farko, kuma wasu shugabanninmu da suka samu ƙarin girma a lokacin ba su ce uffan ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai game da ƙungiyarmu. Ni kuma na yi shekara 9 a mataki ɗaya.

Wani injiniya ya taɓa nuna mini kwafin takardun da ya rubuta yana neman kayan gyaran igiyoyin tun kafin haɗarin, duk an dawo masa da su daga sama an ce ba kuɗi. Shi ma gidansa na kamfani ne. Tun daga ranar na rage yi wa duk mai farar hular kwano ta manyan ma'aikata kallon maƙiyi, ko da yake ban daina ganin cewa wanda ya hana kuɗin gyara ya san abin da yake sayarwa ba.

Shekaru suka ja. Jaridu da ofisoshi suka fara komawa intanet, takarda mai araha tana shigowa daga manyan injuna na zamani masu gudun sama da mita 1,000 a minti, namu tsoho bai kai rabin haka ba. Aka rage karɓa-karɓa daga uku zuwa biyu, aka fara tsayawa mako-mako, albashi yana makara. A ƙarshe aka liƙa sanarwar rufewa. Ni ne babba a kan inji ranar aikin ƙarshe, yaron da na fizgo da kwala shi ne mataimakina, da hannayensa biyu.

Da naɗin ƙarshe ya cika, na bi shi da sandar Baba daga wannan gefe zuwa wancan, ina kai kunnena mai ji kusa. Sannan na yanki falle mai faɗi na naɗe, aka kashe tururi. Ban tsaya sallama da kowa ba, na wuce bayan gari. Baba ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Na shimfiɗa masa takardar a cinya, na ce ta ƙarshe ce. Ya ɗora bayan hannunsa na hagu, ya bi ta a hankali daga wannan baki zuwa wancan, ya dawo, ya tsaya a gefe guda.

Ya ce, "Nan ta ɗan yi danshi. Wa ke kan tururi yau?"